Cigiya a Tsohuwar Jarida

A gidanmu, kamar a yawancin gidajen Hausawa, tarihi a bakin tsofaffi yake. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce yau za a koya mini asalina. Wani abu a wurin kitso na ji shi, wani a zaman makoki, sauran kuma a bakin Goggo na tsinta in tana faɗa, don in ranta ya ɓaci sai ta lissafo kakannin mutum kaf kafin ta zo kan laifinsa. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba ya bukatar takarda. Namu 'ya'yan da aka haifa a nan Ingila kuwa ba su da wannan gata. Kakarsu murya ce a waya ranar Lahadi. Ta ce kuna lafiya, su ce lafiya lau, shi ke nan Hausa ta ƙare. Ranar da muryar nan ta yi shiru, duk abin da ba a rubuta ba ya bi ta.

Aikin jinya ma yana yawan tuna mini da haka. Kusan kullum sai na tambayi marar lafiya ko akwai mai ciwon sukari a danginsa, ko mai hawan jini, ko me ya yi ajalin mahaifinsa. Tsofaffin Turawan nan na Yokshiya sau da yawa sukan ba ni amsa har kan kakan kakansu: wane ƙurar ramin kwal ce ta cinye masa huhu, wance wurin haihuwa ta rasu, a shekara kaza, a gari kaza. Mu kuwa in an tambaye mu, amsar ba ta wuce "ciwon ajali ne" ko "zazzaɓi ne na kwana biyu".

Wata maƙwabciyata ce, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, ta nuna mini inda suke samo wannan sani. Duk ranar Talata takan tafi ɗakin karatu na garin da muke, ta zauna gaban wata na'ura mai haska hotunan tsofaffin jaridu, ta yi ta murzawa shafi bayan shafi. Ba ruwanta da manyan jaridun Landan. Ta garin take dubawa, mai fita mako-mako, wadda babban labarinta bai wuce farashin tumaki a kasuwa da wanda aka ci tara don ya bugu ya yi dambe ba. Tun da aka soke harajin hatimi da ke kan jaridu a 1855, jarida ta yi araha, kusan kowane ɗan gari a Ingila ya sami tasa. A cikin kowace kuwa akwai gurbin sanarwar haihuwa da aure da mutuwa.

Abin mamaki shi ne yawan abin da ɗan guntun labarin jana'iza yake ɗauke da shi. Wakilin jarida yakan rubuta sunan duk wanda ya halarta, da dangantakarsa da mamacin: ɗa, 'ya, suruki, jika, abokin aiki a masaƙa. Da yake macen Bature takan ɗauki sunan gidan mijinta in ta yi aure, a irin wannan jeri ake gane wance wa ta aura. In an ce wani ɗan bai sami zuwa ba don yana Kanada ko Ostireliya, to an kama bakin zaren reshen da ya ɓace ke nan. A labarin biki kuma har kyaututtukan da aka ba amarya akan lissafa, da sunan mai bayarwa, kamar dai yadda ake shelar gudummawa a namu bikin. Daga nan sai maƙwabciyata ta ɗauki sunan da ranar ta gwada su da rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati, wadda aka fara a Ingila tun 1837, da takardun ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara goma, masu ɗauke da sunayen mutanen kowane gida tun daga 1841. Sai sun shekara 100 ake buɗe su ga kowa. Na 1921 ma a 2022 aka buɗe. Yanzu abin ya ƙara sauƙi, don tun 2011 aka fara zuba hotunan tsofaffin jaridun a intanet, a shafin British Newspaper Archive. Mutum yana ɗakinsa sai ya buga sunan kakansa ya ga abin da zai fito.

Abu uku ta ja mini kunne a kansu. Na farko, sanarwa ɗaya ba ta zama hujja sai an sami wani abu daban da ya gaskata ta, don masu jera haruffa suna kuskure, dangi kuma sukan gyara wa mamacinsu labari. Na biyu, jarida ba ta san kowa ba. Mai kuɗin biyan sanarwa ta sani, da mai muƙami, da mai laifi. Talakan da ya zauna lafiya da kowa har ya mutu, da wuya a same shi. Na uku, in ka sami sunan da kake nema kada ka tashi, karanta shafin duka, don a nan za ka ga irin duniyar da mutumin ya rayu a cikinta.

Da yawanmu mun ɗauka mu ba mu da irin wannan taska. Muna da ita, ko da yake ba ta kai tasu girma ba. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta na farko. Jarida ce ta Arewa duka, amma rabin daɗinta labaran ƙananan garuruwa ne da malaman makaranta da malaman En'e suke rubutowa: an naɗa wane dagaci, an buɗe asibitin sha-ka-tafi a gari kaza, gobara ta ci rumbuna, an yi wa malam wane canjin wurin aiki, Allah ya yi wa liman wane rasuwa. Lokacin yaƙin Hitila sojojinmu ma sukan aiko mata da wasiƙu daga inda suke. A shekarun 1950 kuma, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan jaridu na larduna don waɗanda suka koyi karatu da girmansu su sami abin karantawa: Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Sodangi ta Kano, Zumunta ta Bauci, da sauransu. Abin da gara da ruwan sama suka raga na irin waɗannan takardu yana nan a wurare kamar Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, duka a Kaduna, da ɗakunan karatu na jami'o'i.

Sai dai mai neman kakansa a jaridar Hausa zai ci karo da wahala biyu da maƙwabciyata ba ta san su ba. Ta farko ita ce shekara. Tsofaffinmu ba da lamba suke ƙirga ta ba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Goggo takan ce an haife ta shekarar da Sarkin Katsina Dikko ya rasu, wato 1944. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce ya shiga elemantare shekarar zuwan Sarauniya, wato 1956. Babbar yayata 'yar shekarar hannun dama ce, 1972, lokacin da motoci suka bar bin hagu. Wani ɗan shekarar naira ne, 1973. Wannan ƙirga ta tsofaffi, in ka iya juya ta zuwa lamba, wallahi ba ta cika kuskure ba, kuma ita ce za ta gaya maka wane kundi za ka ce a ɗauko maka.

Ta biyu ita ce suna. Mu da can ba mu da sunan gida da ake gado. A makaranta da aikin soja akan haɗa sunan mutum da na garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutum ɗaya kuma sai ka ga a gida Garba ne, a makaranta Abubakar, a bariki Bukar ko Habu. Muhammadu shi ne Mamman a bakin wani. Wani ma laƙabinsa ya danne sunan yankansa har jikokinsa ba su san shi ba, don matarsa ba ta kama sunansa, uwarsa ma in ɗan fari ne ba ta kamawa. Saboda haka kafin ka tafi neman mutum a takarda, sai ka tattara duk sunayen da ake kiransa da su, da sana'arsa, da garuruwan da ya zauna.

Ni abin da na tafi da shi bai taka kara ya karya ba. Kakana na wajen uba, wanda kowa ke kira Malam, malamin asibiti ne na En'e ta Katsina, an yi ta yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan a kudancin lardin, wajajen Funtuwa. Mahaifina ya sha faɗa mana cewa sunan Malam ya taɓa fitowa a jarida a shekarar zuwan Sarauniya. Yana yaro ya ga an shigo zaure da ita, manya sun kewaye ta, an kori yara. A zatonsa ƙarin girma aka yi wa Malam. Na so in sami wannan shafi in ɗauki hotonsa in kawo wa yarana, su ga cewa aikin asibitin nan ba a kaina aka fara shi a gidanmu ba.

Da na je gida hutu sai na ware kwana uku na tafi Kaduna. Na ce a ɗauko mini Gaskiya ta 1956, na fara daga farkon shekara, lokacin da Sarauniya Elizabet ta zo aka yi mata hawan daba a Kaduna. Takardar ta yi ja, ta bushe kamar ganyen kuka, sai da hannu biyu ake juya ta. A nan babu buga suna a kwamfuta, ido ne kawai da haƙuri. Ga shi kuma shafukan suna ɗauke hankali. Kana neman kakanka sai ka tsinci kanka kana karanta farashin gyaɗa da auduga, ko wasiƙar wani da ke kukan an rasa rijiya a garinsu. Ranar farko haka na tashi ban sami komai ba sai ciwon wuya.

Rana ta biyu bayan azahar na ga sunan. Ba labarin ƙarin girma ba ne. Cigiya ce, layi biyar ko shida a ƙasan shafi. Malam ne ya bayar, ga sunansa, ga aikinsa, ga garin da yake a lokacin. Yana neman ƙanensa, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, ya dawo gida bayan yaƙi, sa'an nan ya fita da niyyar aikin Hajji ta ƙasa, shekara tara ke nan. Labarin ƙarshe da aka ji, wani mahajjaci ya ce ya gan shi a Wad Madani ta ƙasar Sudan. An kwatanta shi: dogo ne, da zane irin na gidanmu, da tabo a hannun hagu. Ana roƙon duk wanda ya san inda yake, a raye ko a mace, ya taimaka ya rubuto.

Wannan ƙanen Malam shi ne mahaifin Goggo. Goggo ba ciki ɗaya suka fito da mahaifina ba, Malam ne ya riƙe ta tun tana ƙarama kamar shi ya haife ta. Abin da muka tashi muka tarar ana faɗa, mu da iyayenmu, shi ne mahaifinta a Bama ya mutu, bai ma taɓa ɗora ido a kanta ba. Yanzu ga Malam da kansa yana shaida wa duniya cewa mutumin ya dawo, ya zauna, ya sake fita da ƙafarsa.

Na bi shawarar maƙwabciyata, na gwada maganar da abin da aka sani. Sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kai Bama runduna biyu ne, ta 81 da ta 82, an kwashe su zuwa Indiya a 1943 da 1944, aka kuma dawo da yawancinsu gida a 1946. Shekara tara kafin 1956 ita ce 1947. Lissafi ya yi daidai: ya dawo, ya yi kamar shekara guda, ya tafi. Hanyar ma sananniya ce. Kafin jirgin sama ya zama na kowa, mahajjatanmu ta Maiduguri suke bi su shiga Fot Lami, wato Njamena ta yau, su wuce Abeshe, su ratsa Darfur da Kurdufan har bakin kogin Nil, daga nan su nufi tashar Sawakin su tsallaka Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, don guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi ƙodago. Gonakin audugar Jazira, da aka buɗe a 1925 bayan gina madatsar ruwa ta Sinnar, sun riƙe mutanenmu da yawa, Wad Madani kuwa ita ce babban birnin yankin. Wasu sun tara kuɗi sun wuce, wasu sun yi aure sun zauna, jikokinsu suna can har yau suna jin Hausa. Babu abin da ke cikin cigiyar nan da ya saɓa wa hankali.

Abin da ya rage shi ne yadda zan yi da ita. Goggo ta kusa tamanin a lokacin, idonta ya yi rauni, ga hawan jini. Na fara kai wa Baffa, ƙanen mahaifina, don shi ne babba namiji da ya rage. Ya sa tabarau ya karanta a wayata sau biyu, ya yi salati, ya ce shi ma bai taɓa ji ba. Sa'an nan ya ce, "Ki bar ta a wayarki. Abin da manya suka rufe, da dalili suka rufe shi. Me za ki ƙara wa tsohuwa ban da tashin hankali?"

Maganarsa tana da nauyi, ban kuma yi masa musu ba. Amma a wurin aiki na ga abin da ɓoye wa mutum labarin kansa yake jawowa. Sau da yawa dangi sukan ja ni gefe su ce kada a gaya wa tsoho abin da ke damunsa, alhali shi tsohon ya daɗe da sani, yana yin shiru ne don kada ya ɗaga musu hankali. Abin da aka koya mana shi ne kada ka jibga wa mutum labari, kada kuma ka yanke masa hukuncin cewa ba zai iya ɗauka ba. Ka fara tambayarsa me ya sani, kuma me yake so ya sani. Na gaya wa Baffa haka zan yi, in ta ce ba ta so, magana ta mutu. Ya ce to, Allah ya sa alheri.

Na same ta da hantsi a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Bayan mun gaisa na ce, "Goggo, na ga wata takarda a Kaduna, Malam ne ya sa aka buga a jarida, a kan mahaifinki. In kina so in karanta miki, in kuma ba kya so in bar ta."

Ba ta daina jan carbin ba. Ta ce, "Ta Sudan?"

Na ce ita.

Ta ce, "Ashe tana nan. Karanta in ji, 'yar nan. Ni labarinta aka ba ni, ban taɓa jin abin da ta ce ba."

Na karanta mata. Ta sa na maimaita wurin tabon hannu. Sa'an nan ta ba ni abin da ba ya cikin jarida. Daren da za a kai ta ɗakin miji uwarta ta zo daga garin da take aure, ta ja ta ƙuryar ɗaki ta gaya mata komai. Mahaifinta ya dawo daga Bama tana 'yar shekara biyu, amma ba mutumin da ya tafi ne ya dawo ba. Ba ya iya barci a ɗaki. Cikin dare sai ya zabura yana ihu da wani yare. Ranar da aka yi wata tsawa da damina, sai aka neme shi da yarinyar aka rasa, can aka same su a ƙarƙashin rumbu, ya rufe ta da jikinsa yana karkarwa. Aka yi rubutu, aka yi turare, wasu suka ce iska ce. Malam da yake ma'aikacin asibiti ne ya ce yaƙi ne bai sake shi ba. Ni da nake jin wannan bayan shekaru kusan tamanin na san alamun, na gan su a jikin tsofaffin sojoji a nan Ingila, kuma yau akwai magani da masu zama su saurari mutum. A lokacin babu. Shi da kansa ya ce zai tafi Makka ko Allah ya ba shi natsuwa, aka yi masa addu'a aka raka shi bakin gari.

Uwar Goggo ta jira. Da shiru ya yi yawa aka kai magana gaban alƙali, ya yanka mata shekara huɗu kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tanada ga matar wanda ya ɓace, ta cika su, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sa'an nan ta yi wani aure a wani gari, ta bar yarinyar a gidan ubanta. Maganar cewa ya mutu a Bama kuwa kakarmu ce, matar Malam, ta fara faɗa wa yara, don kada a tashi ana yi wa yarinya gorin cewa ubanta ya taɓu ko ya gudu ya bar ta. Yara suka girma da ita, suka faɗa wa nasu yaran, har ta zama tarihi.

Na tambaye ta me ya sa sai bayan shekara tara Malam ya ba da cigiya. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ai saboda ni ne. An fara zuwa tambayar aurena. Malam ya ce ba zai ba da 'yar mutum ba alhali bai tabbata ubanta ba ya duniya ba, sai ya nema ya gaji." Ba a sami amsa ba. Bayan shekara biyu Malam ya yi mata walicci.

Can sai ta ce, "Ita takardar ta faɗi sunan uwata?" Na ce a'a, ba ta ambaci mace ko ɗaya ba, ko ke ba ta ambata ba. Ta ce, "To ɗauko alƙalami." Ta sassauta murya, don duk tsufanta ba ta saba kama sunan uwarta ba, ta faɗa mini shi, da na uban uwar, da garinsu, da sunayen 'ya'ya huɗu da ta haifa a gidan aurenta na biyu. Dangi ne na jini da muke da su a nesan da bai fi tafiyar awa guda a mota ba, ba wanda ya taɓa ambata mana su.

Tun daga ranar na san matsayin kowanne. Jarida ta riƙe shekara da gari da tabon hannu, abubuwan da baki yakan sake in an daɗe. Goggo ta riƙe dalili, da rumbu, da sunan matar da ta yi jira. Da na tsaya a Kaduna kawai, da na dawo da labarin wani mutum da ya watsar da iyalinsa. Da kuma ban je Kaduna ba, da ban san tambayar da zan yi ba, Goggo kuwa ba za ta taɓa farawa ba, don a wurinta amana ce. Takardar ita ta buɗe bakin tsohuwar. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ke da wannan niyya cewa kundin jarida zai jira shi, tsohuwa kuwa ba za ta jira ba. A fara zama da ita a ɗauki muryarta a waya, a rubuta sunaye da laƙabobi da shekarun da take ƙirgawa da sarakuna da yunwa da zuwan baƙi. Sa'an nan a je a nemi takarda, a dawo mata da ita tun tana da ƙarfin gyarawa. In kuma abin da aka tono mai zafi ne, a tuna yana da mai shi, a fara kai masa kafin a watsa a zauren dangi na WhatsApp.

Akwai kuma namu bashin. Mu da muke Ingila da Amurka da Saudiyya da sauran wurare, wata rana mu ne kakannin da za a zo nema. Me za a tarar? Sanarwarmu ta yau a waya take. A turo hoto, a rubuta Inna lillahi, a ce Hajiya ta rasu, za a yi jana'iza bayan la'asar. Wace Hajiya, 'yar wa, daga wane gari, a wace maƙabarta, babu. Bayan wata shida an canja waya, sanarwar ta tafi. Cigiyar Malam ta kai kusan shekara saba'in don an buga ta a takarda, an kuma sa cikakken suna da gari da kwatance. In za mu ba da sanarwar suna ko aure ko rasuwa, mu rubuta sunan yanka da laƙabi, da sunan uba, da sunan uwa, da garin asali da unguwa, da garin da muke zaune, da kwanan wata na Musulunci da na Bature. Mu buga ta a takarda mu sa a cikin jakar da muke ajiye fasfo. In masallacinmu ko ƙungiyarmu suna da littafin rajista, mu tabbata an shigar. Ba aikin minti goma ba ne ma.

Shi kuwa mahaifin Goggo, har yanzu ba mu san inda ƙasa ta rufe shi ba, ko ya isa Makka, ko ya bar baya a Jazira. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa mutanen yankin, nema ya ƙara wuya. Amma a masallacin da muke zuwa akwai wata baiwar Allah Bahaushiyar Sudan, kakanninta ta wannan hanya suka bi suka zauna. Da izinin Goggo na ba ta cigiyar, na karanta da murya don tsofaffin da ba sa karatun boko, ta tura wa danginta da ke gudun hijira a Masar da Saudiyya su sa a kunnen manyansu. Kwatancen Malam ne ban canja ba, dogo, da zane, da tabo a hannun hagu. Abu ɗaya na ƙara: ya bar 'ya mace a gida, tana nan da rai, kuma ta ce in akwai 'yan'uwanta a can tana gaishe su.